Rufa-Ido da Bayyana Aibi

Abu na farko da mai koyon haɗa bidiyo ke iyawa shi ne ɓatar da mutum. Waya kawai yake buƙata, da wurin da zai jingine ta kada ta motsa. Ya ɗauki abokinsa yana tsaye a gindin bango, ya ce masa ya kauce, ya ci gaba da ɗaukar bangon shi kaɗai, sannan ya buɗe CapCut ko KineMaster ya datse tsakiyar da abokin ke tafiya, ya haɗe bakin farko da na ƙarshe. Mai kallo zai ga mutum tsaye, kafin ƙiftawar ido babu shi. Da irin wannan dabara Georges Méliès ya yi suna a Faransa tun daga 1896, kuma da ita aka daɗe ana ɓatar da aljanu da bokaye a finafinan Kano. Abin da ya sauya shi ne hannun da take ciki. Aikin da a da sai mai kamfani da tsadaddun kaya, yau yana aljihun saurayin da ke zaman fada a Dogon Dutsi ko Matankari ko Kore Mai Ruwa, yana jiran shayi ya nuna yana murza fuskar waya.

Daga ɓacewa sai a haura zuwa ɗora hoto kan hoto. Bidiyo dai jerin hotuna ne marasa motsi, 24 ko 25 ko 30 a kowace daƙiƙa, masu wucewa da saurin da ido ba ya iya raba su. Manhajar haɗawa tana shimfiɗa su a layi, ta ba ka damar aza wani layin a bisansa, da wani kuma a bisan wannan. A layin ƙasa ka sa dutsen da garin Dogon Dutsi ya samo sunansa, a na sama ka sa mutumin da ka ɗauka a gaban koren ƙyalle, ka umarci manhaja ta cire duk abin da yake kore, sai ga shi tsaye a ƙololuwar da bai taɓa hawa ba. An zaɓi kore ne don ya yi nisa da launin fatar mutum. Sauran aikin na haƙuri ne: zagaye gefen jiki hoto bayan hoto inda koren ya bar saura, daidaita haske don rana ta faɗo wa mutum da dutse ta gefe ɗaya, da ƙara inuwa a ƙarƙashin ƙafa, domin ido ba ya yarda da mutumin da ba shi da inuwa ko da mai idon bai san dalilin ƙin yardarsa ba. Sannan akwai wata al'ada da masu wannan sana'a suka ɗauka a duniya, ita ce abin maganata. Idan sun gama aiki sukan haɗa wani gajeren bidiyo na warwara, minti ɗaya ko biyu. A fara nuna aikin yadda ya kammala, sai ɗanyen hoton yadda kyamara ta ɗauke shi da koren ƙyallensa da igiyoyinsa, sannan a riƙa ɗora hawa ɗaya bayan ɗaya, wani siririn layi yana sharewa daga hagu zuwa dama tsakanin yadda abin yake da yadda ya zama. Haɗa shi bai wuce yanka da jerawa da ɗan rubutu a ƙasa mai faɗin abin da aka ƙara ba.

Masu sana'ar suna yin sa ne don neman aiki, su nuna wa mai kuɗi abin da hannunsu ya iya. Ni kuwa ina ganin matsayinsa ya wuce talla. A ƙasar da tambayar halas da haram ke biye da kowace sabuwar na'ura, wannan ɗan bidiyo ne amsar abin da iyaye da malamai ke tambayar masu wasa da hoto: anya wannan ba ƙarya ba ce, anya ba sihiri ba ne? Abin da zan kare shi ne siddabarun hoto halas ne muddin mai kallo ya san siddabaru ne, kuma nauyin sanar da shi yana wuyan wanda ya haɗa. Warwara ce hanya mafi cika ta sauke wannan nauyi, don haka ya kamata mai koyo ya iya ta tun kafin ya iya ɓoye sawunsa.

Maganar hoto kansa ba za ta riƙe mu da yawa ba. Hadisan da suka tsananta wa masu yin sura ingantattu ne, amma mazhabar Malikiyya da aka gada a zaurukan karatu na Arewa ta ɗora haramcin a kan surar abu mai rai wadda take da jiki mai inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika; zane a takarda ko bango iyakarsa karhanci. Da kyamara ta zo, Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya zama muftin Masar a 1914, ya rubuta risala yana bayanin cewa ɗaukar hoto tsare inuwar abin da Allah ya riga ya halitta ne. Akwai malaman da ba su gamsu ba har yau, kuma tsantseninsu abin girmamawa ne, sai dai wa'azin Izala da na ɗarika duka a bidiyo yake yawo yanzu, daga Yamai har ƙauyukan Dallol Mawri. Amma hujjar Shaihu Bakhit ba ta lulluɓe mai koren ƙyalle ba. Shi bai tsaya ga tsare inuwa ba, haɗa inuwoyi biyu yake yi waɗanda ba su taɓa haɗuwa a duniya ba, ya nuna wa mutane abin da bai faru ba. Nan ne zargin sihiri ke shigowa, kuma ba zargin banza ba ne.

Duk almajirin da ya yi karatun tafsiri ya san labarin matsafan Fir'auna a Suratul A'arafi da Suratu Ɗaha. Igiyoyinsu da sandunansu ba su zama macizai ba. Idanun jama'a aka yi wa aiki har suka ga kamar abubuwan na tafiya. Malam al-Jassas, wanda ya rasu a 981, ya kawo bayanin cewa zaiba aka ɗura a cikinsu, da zafi ya taɓa ta sai suka motsa. Fakhruddin ar-Razi ma, da ya zo lissafa nau'o'in sihiri, ya sa saurin hannu da na'urori masu ban mamaki a ciki. To idan dabarar zaiba ta ci sunan sihiri, da wace hujja za a wanke koren ƙyalle? Hujjar tana cikin labarin kansa. Abin da aka zarga ga matsafan bai tsaya ga motsin igiya ba. Sun tsoratar da mutane da shi, sun yi shi don lada da kusanci ga sarki, kuma manufarsu jama'a su gaskata cewa suna da wani iko da zai ƙaryata Annabin Allah. Dabarar ba za ta yi musu amfani ba sai an jahilci yadda take. Da wani ya fasa sanda ɗaya ya nuna zaibar, da aikinsu ya rushe nan take. A gefe guda kuma ga Shihabuddin al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, wanda ake karanta littafinsa na bambance ƙa'idojin fiƙihu har a ƙasar Hausa. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ya ƙera mazaunin kyandir mai surar zaki, idanun zakin na sauya launi da sauyawar sa'o'in dare, da asuba kuma wani ɗan mutum-mutumi ya fito da yatsa a kunne alamar kiran salla. Bai ɓoye cewa aikin hannu ne ba, a littafin usulu ya rubuta shi don ɗalibai su karanta. Dabararsa ta fi ta matsafan wuya, amma ba wanda ya kira shi matsafi, domin bai nemi kowa ya ɗauke ta a matsayin abin da ba ita ba. Kayan aikin iri ɗaya ne, abin da aka bar mai kallo ya gaskata ne ya raba hukuncin.

Idan haka ne, babin da ya fi dacewa a nemi hukuncin siddabarun hoto a cikinsa shi ne na ciniki. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda yara ke biyawa a gaban malam daga Tibiri har Gesheme, ta hana algus da ɓoye aibin kaya. Tushen wannan sananne ne a Sahihu Muslim: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tulin abinci a kasuwa ya ji laima, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai aka tuhume shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda masu saye za su gani. A lura da abin da ba a ce masa ba. Ba a ce ya zubar da jiƙaƙƙen hatsi ba, ba a kuma hana shi sayar da shi ba. Laifinsa wurin da ya ajiye shi ne. Haka nan dabbar da aka ƙi tatsa kwanaki don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye: shari'a ta ba wanda aka ruɗa zaɓin mayar da ita, domin an sa idonsa ya yi masa shaidar zur ba tare da an furta masa ƙarya ko ɗaya ba. Wannan mas'ala ta fi kowace kusa da aikin mai haɗa bidiyo, don shi ma bakinsa ba ya faɗin komai, hoto yake sa wa ya faɗa. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma bidiyo ya gaji duk ƙarfin wannan magana. Wanda ya miƙa wa jama'a hoto mai motsi ya karɓi amanar da suke ba idanunsu, ko ya nema ko bai nema ba. Bidiyon warwara ɗora jiƙaƙƙen a sama ne: ga koren ƙyallen, ga inda na yanke, ga inuwar da na zana da hannuna.

Za a ce ai wannan tsanani ne, kowa ya san fim wasa ne, ba wanda ke neman mai shirin fim ya tsaya yana rantsuwa cewa bokan da ya ɓace bai ɓace ba. Gaskiya ne, a inda fim yake a matsayin fim. Wanda ya biya kuɗin shiga gidan kallo, ko ya zauna gaban talabijin ya ga sunayen ƴan wasa suna wucewa, an riga an sanar da shi. Ginin da sunayen su ne sanarwar. Amma yawancin abin da samari ke haɗawa yau ba ya zuwa da gini ko sunaye. Daƙiƙa talatin ne da za su faɗa WhatsApp, wani ya tura wa wani, a kwafa a katin waya a kasuwa, ya isa hannun tsohuwar da ba ta san wanda ya yi shi ba, rubutun bayanin da aka sa masa a TikTok kuma tuni ya faɗi a hanya. Sannan ƙasar Arewa ta su Dogon Dutsi ba wurin da ake jin labarin ɓacewa a yi dariya ba ce. Ƙasar bori ce da ƴan tauri, inda Gubawa da Arawa suka daɗe da sanin cewa akwai masu asiri, inda kuma Musulunci bai musanta aljanu ba. Adeline Masquelier, wadda ta yi shekaru tana bincike a Dogon Dutsi, ta rubuta littafi guda a 2001 a kan yadda bori da salla ke jayayya a garin, wani kuma a 2009 a kan mata da guguwar gyaran addini. A wurin da wannan jayayya take da rai, bidiyon mutumin da wuƙa ba ta kama shi ko wanda ya tashi sama hujja ce da wani zai iya amfani da ita ya sayar da laya, wani kuma ya jefi maƙwabcinsa da maita. Ba raina hankalin mutanen karkara nake yi ba. Imam al-Gazali ya kafa misali da inuwa, wadda ido ke gani a tsaye alhali tafiya take yi, da tauraron da ido ke gani ɗan mitsitsi alhali ya fi ƙasa girma. Idon malami da na jahili duka haka suke. Abin da ke kare mai kallo shi ne ya taɓa ganin yadda ake yin dabarar, kuma ba zai gani ba sai masu yi sun nuna.

Suka ta gaba ta fi kaifi, kuma baki biyu gare ta. Na farko, tona asiri yana kashe daɗin kallo, kuma kowace sana'a da sirrinta. Ɗan dabo bai taɓa buɗe jakarsa ba. Na biyu, wanda ya nuna yadda ake ɗora mutum a kan dutse ya koya wa maƙaryaci yadda zai ɗora shi a inda zai ɓata masa suna. Amsar na farko tana cikin tarihin sinimar Nijar. Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tawa ya rasu a 2015, ya fara da wasan inuwa da fitila, ya zo ya yi fim da zanen kwaɗi a 1966, kwaɗo shugaban ƙasa yana tafiya ziyara, daga baya ya sa ƴan tsana kokawa a fage da makaɗa da alƙali. Ba yaron da ya taɓa zaton kwaɗi na mulki ko kokawa, dabarar a fili take, amma daɗin bai ragu ba. Mamakin da ke mutuwa idan an tona shi mamakin tsoro ne. Wanda ke kan gwaninta ƙaruwa yake yi idan ka ga wahalar da aka sha. Amsar na biyu kuwa ita ce maƙaryaci ba ya jiran darasin kowa, manhajar kyauta ce kuma bayaninta ya cika intanet. Wanda ke cikin duhu mai kallo ne. Kuma duhun nan ta fuska biyu yake cutarwa, don mutumin da ya ji cewa ana iya ƙirƙirar komai amma bai san yadda ake yi ba, ƙarshensa ya ƙaryata gaskiya ma. A watan Disamba na 2018 sai da Muhammadu Buhari ya tsaya a ƙasar Folan yana tabbatar wa ƴan Najeriya cewa shi ne da kansa, ba wani Jubril daga Sudan ba. A ƙarshen wannan watan Ali Bongo na Gabon ya yi jawabin sabuwar shekara bayan ciwon shanyewar jiki, mutane suka yi ta cewa bidiyon haɗi ne, ranar 7 ga Janairun 2019 wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki suna ambaton wannan jawabi. Ayar Suratul Hujurati da ta yi umarni da bin diddigin labari ba ta ce a gaskata komai ba, ba ta kuma ce a ƙaryata komai ba. Bincike ta nema, bincike kuwa sai da sanin inda ake dubawa. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, an kuma ƙara mata tsanani a 2024, amma kotu sai ɓarna ta auku take zama. Yaron da ya taɓa ganin koren ƙyalle yana narkewa a gefen kunnen mutum, shi zai lura da wannan koren a bidiyon da aka turo wa mahaifinsa.

Akwai inda hujjata take da rauni idan na tsaya a nan, domin mafi girman ruɗi a bidiyo ba ya buƙatar koren ƙyalle ko kaɗan. Almakashi ya isa. A wajajen 1920 Lev Kuleshov a Rasha ya nuna cewa fuska ɗaya, ba ta sauya ba, idan aka bi ta da hoton kwanon miya sai a ga yunwa a cikinta, idan aka bi ta da gawa sai a ga baƙin ciki. Misalin da ya fi kusa da mu na Jean Rouch ne. A 1954 ya ɗauki ƴan ci-ranin Nijar a kusa da Ankara ta Gana suna bikin Hauka, iskokin da suka ɓulla a ƙasar Filinge wajajen 1925, waɗanda a Arewa aka sani da Babule. A fim ɗin an fasa ƙwai a kan mutum-mutumin gwamna, nan take Rouch ya yanke zuwa faretin Turawan Ingila, ga gwamna na gaske da farin gashin tsuntsu yana zubo masa daga hula. Hotunan biyu duk gaskiya ne, ba a ƙara wa ko ɗaya komai ba. Amma jera su da aka yi ya yanke hukunci cewa ma'anar ibadar mutanen nan kwaikwayon Bature ce, kuma fassarar Rouch ce wannan, ba su suka jera ba. Mai yiwuwa ya yi daidai, mai yiwuwa ya taƙaita abin da ya fi haka zurfi. Ɗaliban Afirka da suka fara kallonsa a Faris ransu ya ɓaci, kuma har yau ana gardama a kansa. Abin da ya shafe mu shi ne mai kallo ba ya jin yankan a matsayin ra'ayin wani, ji yake da idonsa ya gani. Irin wannan ake yi wa malamai kullum: a ciro daƙiƙa ashirin daga karatun awa biyu, inda malam ke kawo maganar da zai rushe, a yanke kafin ya rushe ta. Ba siddabaru a ciki, amma ya fi ɓatar da mutum a gindin bango muni nesa ba kusa ba. Saboda haka warwarar da nake nufi ba ta ƙare a nuna abin da aka ƙara ba, ta haɗa da iya nuna abin da aka cire. Mai koyo ya saba tun ranar farko da ajiye ɗanyen abin da ya ɗauka, kada ya goge shi don neman wuri a waya, domin ranar da aka ce ya yanke magana, wannan ne kaɗai zai wanke shi ko ya kama shi.

Mutanen Arewa sun fi kowa cancantar fahimtar wannan, don an taɓa haɗa tarihinsu hawa-hawa. A watan Afrilun 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta bar ƙone-ƙone da gawarwaki a hanyarta har Birnin Ƙonni, ta yi karo da mutanen Lugu a ƙarƙashin Sarauniya Mangu. Wannan shi ne ɗanyen hoton. Joalland, hafsan da ke cikin rundunar, ya ambace ta a littafinsa na 1930 a matsayin tsohuwar matsafiya, a taƙaice. A 1980 Abdoulaye Mamani ya ɗora nasa hawan a littafin ƙagaggen labari, ya ba ta ƙuruciya da tarbiyyar yaƙi da kalamai. A 1986 Med Hondo ya ɗora na uku, fim ɗin da aka ɗauka a Burkina Faso, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Masu bincike irin su Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho sun bi sawun yadda waɗannan hawa suka taru har suka zama Sarauniyar da ɗan makaranta ya sani yau, jaruma matashiya mai baka da kwari, alhali sarautar da ke Lugu har yanzu ta keɓewa ce da tsare al'adar ƙasa. Mamani da Hondo ba su yi algus ba, ɗaya ya ce labari yake rubutawa, ɗaya ya ce fim yake yi, kuma sun mayar wa ƙasa da sunan da takardun Turawa suka so binnewa. Amma shekaru sun cinye sanarwar, hoton ya rage. Aikin waɗancan masu bincike warwara ce, kuma bai rage wa Sarauniya daraja ba; tsayuwar ƙaramin gari a gaban bindigogin da suka rushe Ƙonni ba ta buƙatar ado. Saurayin Dan Kasari da zai so ya nuna Sarauniya tana rikiɗa damisa a wayarsa yana da haƙƙin yin haka, labarin kakanninsa ne. Abin da ake bin sa shi ne ya bar wa na bayansa hanyar rabe abin da tsofaffin Lugu suka faɗa da abin da shi ya zana.

Saura a ce warwarar ma ana iya ƙirƙirar ta, mutum ya nuna ɗanyen hoton da shi ma haɗi ne, musamman yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke fitar da fuska da murya daga babu. Haka ne, kuma ba wata dabara da za ta toshe wannan ƙofa gaba ɗaya. Malaman hadisi sun san isnadi ma ana ƙirƙirar sa, ba su jefar da shi ba saboda haka, sai suka ƙara da binciken mutanen da ke cikinsa. Wanda ya saba nuna aikinsa a fili, da sunansa, a garin da aka san gidansu, yana tara abin da maƙaryaci ba ya iya tarawa, kuma ƙarya ɗaya ta isa ta rushe masa shi. Abin da yake hannun mai koyo shi ne ya sa alamar a jikin hoton kansa, rubutu ko murya da Hausa mai cewa wannan haɗi ne, yadda duk inda aka tura shi da ita zai tafi, ya kuma liƙa warwarar a wutsiyar bidiyon maimakon ya ware ta daban inda ba mai nema.

Duk da haka akwai abin da bayyanawa ba ta wankewa, kuma nan ne iyakar ƙiyasin da na yi da ciniki. Mai hatsi kayansa yake sayarwa, mai haɗa bidiyo kuwa sau da yawa da fuskar wani yake aiki. Wanda ya sa wa malami ko basarake maganar da bai faɗa ba, ko ya ɗauki hoton ɗiyar maƙwabta daga bikin aure ya ɗora shi a jikin da ba nata ba, ko ya tayar da mamaci ya sa shi rawa, bai fita ba don ya rubuta a ƙasa cewa wasa ne. Rubutun ya biya haƙƙin mai kallo, amma akwai haƙƙi na biyu, na wanda aka yi wasan da surarsa, kuma Suratul Hujurati ɗin nan da ta yi umarni da bincike ita ce ta hana izgili da cin naman ɗan'uwa. A garin da kowa ya san kowa, yarinyar da aka yi wa haka za ta bi ta kasuwa a gaban mutanen da suka san sarai haɗi ne, kuma sanin nasu ba zai hana su tuna abin da suka gani ba. A nan izini ake nema kafin a fara, daga bakin mai fuskar ko magadansa, kuma idan sun ce a'a aikin ya tsaya ko da an riga an kwana uku ana gyara inuwarsa.